Babban Yatsana da Jirgin Mai Ungulu

Assalamu alaikum, mutanen wannan zaure na waya.

Ni ne tsohon da kuke zagi. Ni ne mahaifin Auta, wadda take rubuta muku labarinta kashi-kashi tun watan jiya. Mai ɗakina ta karanta mini duk abin da kuka ce. Wata ta ce zuciyata dutse ce. Wata ta ce irina ne ke sa 'ya'ya su tsufa a gida. Wani har hoton tsoho da sanda ya saka. Na gani. Ban ji haushi ba, don rabin labarin kuka sani. Ita ma Autar rabi ta sani.

Karatuna bai wuce aji uku ba. Da yatsa ɗaya nake wannan rubutu, kuma ba babban ba, don shi yana naɗe da bandeji. Za ku ji dalili.

Ni bakanike ne. Shekara arba'in da shida ina buɗe inji: babur, janareto, injin ban ruwa. Garejina yana jikin gidana, ƙofa ɗaya ce tsakani. Ban taɓa auna zafin inji da wata na'ura ba. Babban yatsana na dama nake ɗorawa a kan inji in ƙirga. In na kai biyu kafin in janye, lafiyarsa ƙalau. In ban kai ɗaya ba, a kashe shi. Daga nesa ake kawo mini aiki saboda wannan yatsa. Maƙwabcina Mai Walda yakan ce in na mutu a yanke shi a ajiye a gilashi.

To, sai Auta ta kawo mini saurayi.

Ranar da ya fara zuwa, tun safe ake goge falo. An sauya labule, an fito da kofunan da ko ni ba a ba ni shayi a cikinsu. Auta ta sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, da mayafin uwarta wanda ba a aro. Shi kuma ya shigo da farar riga, farin takalmi, hannu sumul kamar bai taɓa riƙe sifana ba. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Wannan ban rage masa ba.

Na ce, "Me kake yi?"

Ya ce, "Ma'aikacin jinya ne ni, Baba."

"In ka tashi daga aiki fa?"

"Ina tashin jirgi."

Na gyara zama. Na ce, "Jirgi? Na sama?"

Ya ce, "Mai saukar ungulu." Ya miƙo mini waya da hannu biyu.

Na duba. Ga shi tsaye a fili, ga wani abu a gabansa da bai kai gwiwarsa ba. A hannunsa akwai rimot.

Na mayar masa da wayar. Na ce, "Shekarunka nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Allah ya ƙara. Sha shayinka."

Daga ranar na sa masa suna Mai Ungulu. Mai Walda ya karɓe sunan ya yaɗa a layi. Duk safiya sai ya leƙo gareji ya ce, "Injiniya, yaushe surukinka zai kai mu yawon sama? Ka kama mini kujerar taga."

Na gaya wa Auta ban yarda ba. Ba zan bayar da 'yata ga mai wasan yara ba. Ba ta yi gardama ba. Ta dai daina zama kusa da ni in ina cin abinci. Takan ajiye kwano ta ce, "Ga shi, Baba," ta juya. Mai ɗakina kuma ba ta bar ni na sha iska ba.

"Malam, mutum yana da aiki, yana da tarbiyya, ba ya sha ba ya busa. Laifinsa me?"

"Laifinsa rimot."

"Kai da kake kwana da kafireto a ƙarƙashin gado?"

"Wannan sana'a ce."

Bayan sati biyu saƙo ya shigo wayata. Ga shi yadda ya rubuta:

"Baba, barka da yini. Ba maganar Auta na zo da ita ba. Injin jirgin na fetur ne, irin wanda ka sani. Ina so ka gan shi da idonka, ka ji shi da kunnenka. In ka gani ka ce wasan yara ne, na karɓa."

Na amsa masa da kalma biyu: "Kawo shi."

Asabar da hantsi ya zo. Da ya fito da shi daga but ɗin mota, na matso na duba. A hoto ya fi ƙanƙanta. Tsawonsa ya kai mutum ya buɗe hannuwansa biyu. Kowace farfela ta kai tsawon hannuna, bakinta kuma siriri. Ya cire murfin gaba. Inji ne na gaske, ɗan'uwan injin yankan katako: fisto ɗaya, fulogi ɗaya, fanka a cikin rumfarta tana hura masa iska. Ya ce shekara biyu ya yi yana haɗa shi kusa bayan kusa. Aikin ya yi tsabta. A raina na faɗa, ban faɗa a fili ba.

Ya cire farfelun ya tayar da shi a kan tebur. Sai hayaƙi, sai tari-tari kamar mai mura.

Na ce, "Ka cika masa mai. Yana shaƙewa."

Ya ce, "Da gangan ne, Baba. A ƙasa ba ya ɗauke da komai. In ya hau sama yana jan nauyinsa, zafinsa tashi yake. Man nan ne ke sanyaya shi. In na rage, zai yi daɗin ji a nan, amma a sama zai gasu."

Ya nuna mini wata siririyar waya da ya maƙala a ƙarƙashin fulogi. Ita ce ke jin zafin kan injin, ta aika da lamba zuwa rimot ɗin hannunsa. Ya ce in lambar tana ƙasa da ɗari da ashirin, hankalinsa kwance. In ta kai ɗari da talatin, rimot zai yi kuka, shi kuma zai sauke jirgin ko me ake ciki.

Na ɗaga babban yatsana. Na ce, "Ga tawa wayar. Ba ta cin batir."

Ya yi dariya. Ya kashe injin, ya shiga cikin gida gaishe da mai ɗakina.

A nan na yi abin da na yi. Na ɗauki ƙaramin sukudireba. Akwai 'yar kusa a jikin kafireto wadda ke buɗe wa mai hanya. Na matse ta kwata ɗaya. Kwata ɗaya tak. Na goge wurin da tsumma. Nufina in ya tashe shi a fili ya ji yana waƙa, ya yi mamaki, sannan in ce masa, ka ga bambancin mai rimot da bakanike.

Da la'asar muka tafi tsohon filin ƙwallo da ke bayan makaranta. Ni, shi, Auta, da Mai Walda wanda ba a gayyata ba. Kafin ya gama ɗaura farfelu mutane sun taru, har da mata masu goyo da suka tsaya da kayan cefanensu. Ya roƙe su su ja baya. Suka ja taku biyu, suka dawo uku.

Ya ja igiya. Injin ya tashi tas, ba hayaƙi, murya siririya mai daɗi. Na kalli sama kamar ban ji ba.

Ya ce, "Muryarsa ta canza."

Na ce, "Ya ga manya ne."

Jirgin ya ɗaga. Gaskiya abin kallo ne. Ya tsaya cak a sama daidai tsayin rufin ɗaki, ciyawa tana kwanciya a ƙarƙashinsa. Auta ta dube ni tana murmushi, karo na farko cikin sati biyu. Ya ƙara masa wuta, ya yi gaba, ya kewayo. Bai cika minti biyu ba rimot ya fara kuka. Tit, tit, tit.

Bai yi wata-wata ba. Ya sauke shi a tsakiyar fili, ya kashe. Muka bi shi. Ya cire murfi, ya duba rimot, ya durƙusa ya daɗe yana kallon kafireto.

Ya ce, "Ɗari da arba'in da biyu. Bai taɓa kai haka ba."

Mai Walda ya ce, "Injiniya, kawo yatsan nan, na'urar gado."

Na durƙusa. Na ɗora babban yatsana a kan injin. Na ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar. Na ɗaga.

Na ce, "Sanyi ƙalau. Wayarka ce ta lalace. Tashe shi."

Aka yi tafi. Mai Walda ya yi sowa.

Mai Ungulu bai kalli injin ba. Hannuna yake kallo.

Ya ce, "Baba, a bar shi ya huce tukuna."

"Na ce lafiyarsa ƙalau. Ƙarya nake?"

"Ban ce ba, Baba."

"To tashe shi."

Ya kalli matan da ke bakin fili. Ya kalli Auta. Bai taɓa igiyar ba.

Sai girman kai ya hau ni. Na ce masa a gaban kowa, "Saurara. In ka yarda da maganata, tashe shi yanzu, gobe ka turo manyanka. In lambar nan ka fi yarda da ita, to je ka auri lambar."

Auta ta ce a hankali, "Don Allah ka tashe shi. Minti ɗaya kawai."

Kun karanta wannan wurin a wajenta. Ta rubuta muku cewa bai ko dube ta ba. Gaskiya ne. Ya ajiye rimot a ƙasa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba zan tashe shi ba."

Mai Walda ya ce, "Af! Ashe ungulun kaza ce."

Aka yi dariya. Auta ta ja mayafi ta rufe fuska, ta nufi mota. Mutane suka fara watsewa.

Ga abin da ba ta gani ba.

Ya ɗauko gorar ruwan sanyi daga jakarsa. Ya ce da ƙarfi, yadda Mai Walda zai ji, "Baba, baƙin mai ya ɓata maka hannu, bari in wanke." Ya kama hannuna, ya juya bayansa ya tare tsakanina da mutane. Ya fara zuba ruwa a hankali. Zan fizge, sai na duba.

Fatar yatsan ta yi fari fat. Ta tashi kamar takarda a ruwa. Zanen ƙarfen injin ya fito layi-layi a kai. Sai a lokacin na lura da ƙauri, kuma ba na roba ba ne.

Ban ji komai ba. Ko ɗigo.

Ya zuba ruwan har ya ƙare. Ya ɗauko wata gorar ya ƙara. Ya naɗe yatsan da farin hankicinsa, ya lanƙwasa mini sauran yatsun a kai. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sa shi a aljihu, Baba."

Na sa.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya fi shekara ina zargin haka. Kusa takan zame daga hannuna ban sani ba sai na ji faɗuwarta. Ina ɗaukar kofin shayi kowa na cewa da zafi, ni ina cewa sun cika raki. Janareto biyu aka dawo mini da su sun ƙone bayan na ce lafiyarsu ƙalau, na ɗora wa masu su laifi. Na san akwai wani abu. Na ƙi dubawa. In yatsan nan ya mutu, wane ne ni a layin nan?

Washegari da safe saƙo ya shigo.

"Baba, ina kwana. Kada a fasa ƙurjin, kada a shafa masa komai. Ina roƙonka ka zo a auna sukarin jininka, a duba ƙafafunka. Ina aiki safe har Alhamis. Ba wanda na gaya wa. Ba kuma wanda zan gaya wa."

Ba maganar Auta. Ba maganar jirgi.

Kwana uku ban amsa ba. A gida na ce salansa ce ta taɓa ni. Ranar Laraba mai ɗakina ta kwance hankicin da ƙarfin tsiya, ta gani, ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Malam, wannan salansar da zane take?"

Na gaya mata komai. Ba ta yi mini gori ba, wanda ya fi gorin ciwo. Ta ɗauko takalmina ta ajiye a gabana.

A asibiti ya tarbe mu da shuɗin kayan aiki. Ya kai mu wani ƙaramin ɗaki mai gado ɗaya da labule kore. Ya soki yatsana, ya ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Lamba ta fito. Bai faɗa ba, ya juyo da ita na gani da kaina.

Na ce, "Ita ma kuka za ta yi?"

Ya ce, "Da tana da baki, Baba, da tun bara take yi."

Ya durƙusa ya cire mini takalmi da safa da hannunsa. Mutumin da na kunyata a gaban jama'a. Ya ce in rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafata da wani siririn zare yana tambaya ko na ji. Na ce yaushe zai fara. Mai ɗakina ta ce, "Ya gama, Malam."

A ƙarƙashin ƙafar hagu ya samu guntun waya, irin wadda ke zuba daga burushin ƙarfe. Ta shige cikin nama, wurin ya kumbura ya fara baƙi. Ban san tun yaushe nake takawa a kanta ba. Ya kira likita. Likita ta duba, ta ce da na ƙara sati biyu, da ba maganar magani ake ba, maganar yanka ake.

Da suka gama wankewa, mai ɗakina ta fita karɓo magani. Muka rage mu biyu.

Na ce, "Injin ya lalace?"

"A'a. Na sauke shi da wuri. Fulogi dai ya yi fari, na canza."

"Ka san me ya sa ya yi zafi?"

Ya ci gaba da naɗe bandeji. Ya ce, "Akwai ɗigon farin fenti da nake sa wa kan kusar mai, don in san inda na bar ta. Da na durƙusa a fili na ga ya goce kwata ɗaya."

"Tun a fili ka sani."

"E, Baba."

"Da ka buɗe baki sau ɗaya, da ka wanke kanka."

"A gaban Auta? A gaban Mai Walda?"

"Da ka mayar da kusar ka tashe shi. Da yanzu an sa rana."

Ya ce, "Inji da ya kai wannan zafin sai an buɗe an duba. In ya ɗauke a sama, ba ni ke zaɓar inda zai faɗa ba. Akwai mata da goyo a wurin." Ya ɗaure bandejin. "Kuma da na tashe shi, Baba, ka tafi gida da yarda cewa yatsan nan yana aiki."

Ban iya irin wannan maganar ba. Na ce masa dai ɗaurin ya yi tsauri, ya sassauta.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da ranar fili. Ina shan magani. Shayina ba sukari, kuma ba daɗi. Ƙafar tana warkewa. Auta ta ɗauka ƙusa na taka, kuma ta ɗauka wani asibitin nake zuwa. Kullum da safe saƙonsa yana shigowa: "Baba, nawa yau?" In tura masa lamba. Ni da na ce a je a auri lamba.

Jiya mai ɗakina ta karanta mini kashi na shida. Auta ta rubuta cewa ta ce masa ya daina kiranta. Ta ce mutumin da ya zaɓi injinsa a kanta ba miji ba ne. Ta tambaye shi dalili sau uku, ya ce ba shi da abin faɗa sai haƙuri. Ku kuma kuka ce ta yi daidai. Wata ta ce matsoraci ne, gara da Allah ya nuna mata shi tun yanzu.

Na yi zaton zai gaji ya faɗa mata. Na zauna ina jira ya tona ni, in huta da faɗa da bakina. Bai tona ba. Yana shirin rasa ta ne don ya rufa wa tsoho asiri. Wannan kuma ya fi ƙarfina.

Shi ya sa na sa aka shigar da ni zauren nan. A gaban jama'a na kunyata shi, a gaban jama'a zan faɗa.

Ni na taɓa kusar. Lambarsa gaskiya ta faɗa, yatsana ne ya yi ƙarya. Ina da ƙafa biyu yau saboda ya ƙi bin umarnina. Na yi shekara sittin da takwas ban ce wa wanda ya girme ni na gode ba sai da dalili, balle yaro. To na gode, ɗana. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini. Mai Walda, na san matarka tana zauren nan, ta karanta maka: ba kaza ba ne, kuma kada in ƙara jin sunan a bakinka. Ni kaɗai zan riƙa kiransa Mai Ungulu.

Auta. Ban iya faɗa miki ido da ido ba, kin san halina. Ki kira shi. Ki ce ya turo manyansa, in har yana so bayan abin da muka yi masa ni da ke. Ki ce kuma ya zo da jirgin. Zan mayar da kusar kan ɗigonta da hannuna, shi yana riƙe da rimot yana gaya mini lamba.

Tana kicin yanzu. Ina jin ƙarar kwanuka daga nan, wayarta kuma tana kan taga kusa da ita. Zan danna in tura. In ƙarar ta tsaya, na san ta gani.